"Shi" za a ce ko "ita"?

Ranar wata Alhamis, bayan mun fito daga amfi, muna zaune gindin dogon yaro ana jiran shayi na biyu, sai wani ɗan ajinmu ya miƙo mini salularsa yana ƙyaƙyatawa. Hoton mutum ne tsaye bisa dandamali, jiki sai ƙyallin mai yake, kafaɗu kamar sassaƙa, jijiyoyi sun tashi ruɗu-ruɗu. Ya ce: "Ke mai karatun harshe, raba mana gardama. Wanga, shi za a ce ko ita?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na dara, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai da dare, da na koma ɗaki, na nemi sunan da na gani ƙarƙashin hoton. Iris Kyle ce, baƙar fata ƴar Amurka, wadda ta lashe gasar gina ƙwanji ta Ms. Olympia sau 10. A gasar maza, Mr. Olympia, babu wanda ya wuce 8, wato Lee Haney da Ronnie Coleman. Arnold Schwarzenegger da muke gani a fim, 7 gare shi. Ke nan wadda muka yi wa dariya ta fi kowa kambi a wannan fage, mu kau ko sunanta ba mu tambaya ba.

Tambayar abokin nawa ta tsaya mini a rai. Hausa ba ta barin mutum ya yi kwana kan jinsi. Da ka buɗe baki za ka yi maganar wani, dole ka zaɓa: ya zo ko ta zo, kai ko ke, nasa ko nata. Shi ya san mace ce sarai. Abin da yake nufi shi ne ta yi ƙarfin da ya fitar da ita daga cikin "ita". Da na bi tarihin wasan sai na tarar alƙalansa sun fi shekara 40 suna wannan tambayar, su da ke riƙe da takarda da biro suna ba da maki.

Ba so nake in mai da ku masoyan wannan wasa ba. Ni kaina ban taɓa ɗaga abin da ya wuce bidon ruwa ba, kuma akwai abubuwa cikinsa da ba su kwanta mini ba, zan zo kansu. Tambayata guda ce. In ka kira mutane gasa, ka ce a zo a ga wanda ya fi, sannan ka kayar da wani dan ya fi da yawa, alhali ba ka taɓa nuna masa inda iyakar take ba, adalci ka yi?

Mace mai nuna ƙarfi gaban jama'a ta girmi gasar nesa ba kusa ba. A farkon ƙarni na 20 akwai Katie Sandwina, haifaffiyar Biyana a 1884, mai yawon wasa gari-gari a Turai da Amurka, tana lanƙwasa ƙarfe, tana ɗaga mijinta sama da kanta. A shekarun 1940 akwai Abbye Stockton da ke ɗaga ƙarfe bakin teku a Santa Monika ta Kalifoniya, tana kuma rubutu a mujalla dan kwaɗaitar da mata motsa jiki. Amma kallon da aka yi wa irin su Sandwina, irin wanda muke yi wa gardi mai wasa da kura ne: a taru, a riƙe baki, a watse. Ba wanda ya kawo a ransa cewa ɗiyarsa za ta bi sawu.

Abin ya canza a shekarun 1970. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati bambanta ɗiya mace da ɗa namiji, har a fagen wasanni, sai ƴan mata suka cika filaye da ɗakunan motsa jiki. A 1977 Henry McGhee ya shirya gasa a garin Kanton na jihar Ohayo inda aka auna mata da tsokar jikinsu, Gina LaSpina ta ci. A 1980 aka yi Ms. Olympia ta farko a Filadelfiya, shekara 15 bayan soma ta maza. Rachel McLish ce ta ɗauki kambin, siririya mai kyan fuska, irin wadda kowace mujalla za ta so a bangonta. Masu shiga gasar ma zaɓo su aka yi bayan sun aiko da hotunansu. Tun ranar farko ke nan ido biyu ke kansu, ɗaya na duba tsoka, ɗaya na duba ko hoton zai sayu.

Sai mun ga yadda ake yanke hukunci za mu gane inda gizo ke saƙa. A kokowarmu, ko a filin Maraɗi ne ko na Tawa, in bayan mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, ko yaro ya ga kaye. Gasar gina ƙwanji babu kaye cikinta. Ana shekara ana ɗaga ƙarfe da cin abinci bisa awo. In gasa ta matso a yi watanni ana ƙona kitse, kwanakin ƙarshe a rage har ruwan jiki dan tsoka ta fito fili. Ran gasa a shafa mai, a jeru, a juya gaba, a juya baya, a murɗa damtse da cinya da gadon baya. Alƙalai na duba girman tsoka, da daidaituwar sassan jiki, da yadda kowace tsoka ta rabu da ƴar uwarta. Bisa dandamalin ko kilo ɗaya ba a ɗagawa, duk hukuncin a idon alƙali yake. Ga maza abin da sauƙi, in sauran abubuwa sun zo daidai wanda ya fi tsoka shi ke gaba. Ga mata sai aka ƙara wani sharaɗi: ta kasance "kamar mace". Ba a ce kilo kaza ba, ba a ce santimita kaza ba.

Wadda sharaɗin nan ya fi ci ita ce Bev Francis, ƴar Ostireliya. Daga wasan jifar ƙwallon ƙarfe da ɗaga nauyi ta fito, kuma ita ce mace ta farko da ta kwanta bisa benci ta tura fiye da kilo 136 daga ƙirjinta, wato kusan buhu uku na shinkafa mai kilo 50. A 1983 aka gayyace ta wata gasa a Las Begas da aka shirya dan ɗaukar fim ɗin Pumping Iron II: The Women, wanda ya fito a 1985. Duk wanda ya dubi layin ya san babu mai tsokarta. Cikin fim ɗin ana ganin shugabanni da alƙalai zaune kafin gasa suna gardamar mi ake nufi da "kamar mace". Carla Dunlap ta ci, Francis ta zo ta 8.

Ba ta yi zuciya ba. Ta karɓi hukuncin kamar ɗalibar da aka maido wa takarda cike da jan biro. Ta rage jiki, ta canza gashi da kwalliya, ta hau har matsayi na 3 a Ms. Olympia shekara uku a jere. Kafin ta gama ragewa kiɗa ya canza. A 1990 Lenda Murray ta zo da faffaɗan kafaɗu da cikakkun cinyoyi, aka ba ta kambi, Francis ta zo ta 2. Sai ta koma ta ƙara tsoka, ta dawo a 1991 a cike, a gasar da aka nuna kai tsaye a tele. Murray ta sake kayar da ita, da maki ɗaya tak. Daga nan ta aje gasa. A 1992 ƙungiyar IFBB mai kula da wasan ta fito da ƙa'idojin da ke cewa kar mata su yi girma da yawa.

Ku duba fa. Da ta zo da yawa an ce ta rage. Da ta rage an ba wata mai cikar jiki. Da ta ƙara an sake cewa ba haka ba. A kasuwar hatsi mun san mai irin wannan hali, shi ne mai tiya biyu, wadda yake saye da ita daban, wadda yake sayarwa da ita daban, kuma mun san surar Alƙur'ani da ta yi magana kan masu tauye awo. Ta wani gefen ma na alƙalan nan ya fi muni, dan mai tiya biyu ya san girman kowace. Su tasu tiyar kumbura take tana motsewa gwargwadon abin da ƴan kallo da masu talla ke so a wannan shekarar.

A Disamba 2004 abin ya fito a rubuce. Sashen ƙwararru na IFBB ya aika wa mata ƴan gasa takarda yana neman su rage tsoka da kashi 20 cikin 100, wai saboda kyan gani da lafiya. Kashi 20 na mi, kuma wa zai auna? Takardar mata kaɗai ta shafa, a shekarar da Ronnie Coleman ya ci Mr. Olympia karo na 7 da jiki kamar rumbu, ana ta tafa masa. Aka kuma yi ta buɗe wa mata sabbin rukunai masu neman ƙarancin tsoka, ɗaya a 2003, na masu bikini a 2010, wani a 2013. A biyun farko da takalmi mai tsini ake hawa dandamali. A na ukun ana murɗa damtse amma da hannu buɗe, ba a dunƙulewa. Har dunƙule hannu sai da aka ga ya yi wa mace yawa. Ms. International, gasa ta biyu a girma, ta tsaya bayan 2013. A 2014 Iris Kyle ta ɗauki kambinta na 10, daga nan aka rufe Ms. Olympia ɗin kanta, shekara biyar ba a yi ba. Wani ɗan kasuwa, Jake Wood, shi ya riƙe wasan da gasar Rising Phoenix tun 2015, sannan ya sayi Olympia a 2020 ya maido ta mata, Andrea Shaw ta ci ta kuma yi ta maimaitawa.

Kafin mu ce wannan rikicin Turawa ne, mu saurari bakinmu. In mace ta yi abin a zo a gani, mi muke cewa? "Ta yi namijin ƙoƙari." In ta nuna jarumta, "mace mai kamar maza". Mazantaka na bakin kowa, tana nufin jarumta da juriya. Ku nemi takwararta ta mata ku ji yadda harshe ke sarƙewa, in ma kun samo ta ba yabo take ɗauke da shi ba. A ce wa yaro "kai namiji ne" ya yi ta washe baki, a ce masa "kai mace ne" sai an raba faɗa. Har karin magana gare mu mai cewa ƙarfin mata sai yawan magana. Malamanmu na gargaɗinmu kar mu karanta zuciyar al'umma kai tsaye daga kalmominta, kuma gaskiyarsu, dan kalma kan daɗe bayan tunanin da ya haife ta ya mutu. Amma wanga tunani bai mutu ba. Na ji shi gindin dogon yaro, na kuma ji shi cikin dariyata.

Wanda ya ƙirƙiri wannan karin magana, ina jin bai taɓa surfa gero ba. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, damtsenta kamar taɓarya yake, in ta riƙe hannunka ba ka ƙwacewa. Daka tun asuba, jan guga a rijiya mai zurfi, ruwa bisa kai, goyo a baya. Ba wanda ya taɓa tambaya ko shi ce ko ita, dan ƙarfinta cikin tukunya yake ƙarewa, ya koma tuwo da furar wasu. A Damagaram samari na haɗa ƙarfe da siminti su ɗaga, fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna su a unguwar Kara-Kara. Ana kiran su da suna iri-iri, amma ba mai shakkar "shi" ɗinsu. Ashe ƙarfin mace ba ya damun mu muddin aiki yake yi mana a ɓoye. Yana soma damun mu ran da ta tara shi dan kanta, ta tsaya ta ce a gani.

To, na ce akwai abubuwan da ba su kwanta mini ba. Na farko ƙwaya. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a saman wannan wasa, gefen maza da na mata, ana amfani da allurai da ƙwayoyin sitiroyid masu kwaikwayon testosteron, sinadarin da ya fi yawa a jikin namiji. Ga mace suna sa murya ta yi kauri ta ƙi komawa, gashi ya fito a fuska, al'ada ta rikice, ga kowa kuma suna cin hanta da zuciya. Wannan hujja ce mai nauyi, na karɓe ta. Sai dai in lafiya ce damuwar, maganinta gwaji mai tsanani ga kowa da kowa, dan zuciyar namiji ba ta ƙarfe ba ce. Kuma laifi tudu ne. Cikin kasuwanninmu ana sayar da sha-ka-fashe ga mai son ƙiba da man bilicin ga mai son haske, ƴan uwanmu na saye, wasu har su kwanta asibiti. Ciniki ɗaya ne, a ba da lafiya a sayi yardar ido. Bambancin kawai, namu alƙalan a fada da wajen biki suke zama.

Na biyu tsiraici. An rene ni da kunya da addini, ba zan hau dandamali da irin wannan sutura ba, ba kuma zan so ƙanwata ta hau ba. A nan ba ni da ja. Amma mu yi wa kanmu gaskiya, ba tsiraici ne ya ba mu dariya ran Alhamis ba. Mazan wasan ma ɗan kamfai ne a jikinsu, hotunansu na manne a wuraren ɗaga ƙarfe ba mai yin istigfari. Da siririyar mace ce cikin wannan suturar, da salular ta zagaya hannu-hannu saboda wani dalilin daban, kuma da ba wanda ya tambayi shi ko ita. Mai ƙin abin dan addini ya ƙi shi ga namiji da mace, ga siririya da murɗaɗɗiya. Wannan tiya ɗaya ce, ina girmama ta.

Na uku kasuwa. Masu shirya gasa za su ce sana'a suke yi, in ƴan kallo da masu talla sun fi son bikini ba za su yi asara dan wata ba. Haka ne, ba a tilasta wa ɗan kasuwa faɗuwa. To ya faɗa da bakinsa cewa wadda za ta sayu yake zaɓe, ya daina kiran abin hukuncin wasa. Su ma masu cewa "jikinta ne, ƴancinta ne" ban bi su har ƙarshe ba. Wadda ta yi watanni da yunwa dan wasu mutane bisa tebur su ba ta lamba, ba ta kuɓuta daga idon mutane ba tukuna.

Abin da matan nan suka bari, a ganina, hujja ce da suka kafa da jikinsu. An daɗe ana cewa halitta ce ta hana mace tsoka, su kau suka nuna cewa babban rabo na wannan iyakar al'ada ce ta shata shi. Ba su kaɗai suka buɗe ƙofar ba, amma suna cikin waɗanda suka sha jifa a bakinta. A 2000, a Sidni, mata suka soma gasar ɗaga nauyi a wasannin Olamfik. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba kowane baligi, mace da namiji, shawarar aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, likitoci kuma na ba mata masu shekaru wannan shawarar dan kare ƙashi.

Takardar kashi 20 ɗin nan, ƴan uwana mata, mun san ta ko ba mu taɓa ganin ta ba, dan ana karanta mana ita da baki. "Ki yi karatu, amma lisans ya isa haka, mai dogon karatu ba ta samun miji." "Ki yi magana a taron ƙungiya, amma kar muryarki ta fi ta shugaba." "Ki nemi na kanki, amma kar ki fi shi." Duk cikinsu ba mai faɗin nawa ne ya isa, sai kin wuce a ce kin wuce gona da iri. Wadda ta ja baya kuma a ce ai dama mata ba su iyawa. Ƴan uwana maza, da iyayenmu, in akwai iyakar da kuke gani ta addini ce ko ta hankali, ku kira ta da sunanta tun farko, ku kawo dalili, mu zauna mu duba ko ta hau kan kowa ko mu kaɗai aka yanka wa. Iyakar da aka faɗa ana iya gardama da ita, ana iya yarda da ita ma. Tiyar da ake ɓoyewa cikin riga, a fito da ita bayan an gama awo, ita nake ƙi.

Da Alhamis ta zagayo na tarar da shi wurin da na bar shi. Na ce: "Na kawo maka amsarka. Ita za a ce. Sunanta Iris Kyle, kambinta 10."

Ya kurɓi shayi ya ce: "To, ita ɗin. Amma ni dai ba zan iya aurenta ba."

Na ce: "Malam, ba ta aiko a tambaye ka ba."

Aka sake yin dariya. Da ta lafa ya tambaye ni Arnold nawa gare shi, na ce 7. Ya ɗan yi shiru, sannan ya miƙo salular ya ce in rubuta masa sunan.